RA'AYINMU: Wikki Tourists a Asaba da tambayar mutanen Azare: Wa zai ci ƙwallon?

A cikin wannan wata na Yulin 2025 ne ƙungiyoyi takwas na gasar rukuni na biyu ta ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato NNL, za su hallara a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, babban birnin Jihar Delta, domin fafatawar ƙarshe da aka fi sani da Super 8. Gurbi huɗu ake nema a gasar Firimiya ta Najeriya, biyu na Arewa, biyu na Kudu. A ɓangaren Arewa akwai Wikki Tourists ta Bauchi, da Doma United ta Gombe, da Yobe Desert Stars ta Damaturu, da Barau FC ta Kano. Biyu za su haye, biyu kuma su koma gida su sake jiran wata shekara.

Ga al'ummar Jihar Bauchi, wannan tafiya tana da nauyi. Tun 2023 Wikki ta faɗo daga gasar Firimiya. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Nasarawa United ta Lafiya, waɗanda suka faɗo tare da ita a waccan shekara, sun koma a 2024, ita kuwa ta ci gaba da zama a ƙasa. Zuwa Yulin 2025, kaka biyu ke nan filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da 2009, yana karɓar baƙi 'yan rukuni na biyu.

A Azare, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, duk wanda ya zauna a majalisar matasa ko gidan kallon ƙwallo aka ɗauko zancen Wikki, zai tarar hirar tana komawa kan tambaya guda: in an je Asaba, wa zai ci ƙwallon? Wannan jarida tana ganin tambayar ta dace, kuma ta cancanci amsa daga masu tafiyar da ƙungiyar da gwamnatin da ke ɗaukar nauyinta. Muna kuma ganin cewa rabin amsar ne kawai za a iya bayarwa a Asaba. Sauran rabin yana filayen wasa na Azare da garuruwan da ke kewaye da ita.

Dalilin da ya sa Azare ke da bakin magana

Wikki ƙungiyar gwamnatin jiha ce. Da dukiyar ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi ake biyan albashin 'yan wasanta, da kuɗin motarta, da na masaukinta. Ɗan kasuwar Azare da manomin Gamawa da masuncin Zaki suna da haƙƙi a cikinta daidai da mazaunin Wunti ko Yelwa a cikin garin Bauchi, ko da yake tafiyar kusan kilomita 200 ce tsakaninsu da filin da take wasa.

Akwai kuma batun wurin da Allah ya ajiye garin. Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wanda ya fita ta yamma zai isa Kano, gidan Barau FC. Wanda ya fita ta gabas zai bi ta Potiskum ya isa Damaturu, gidan Yobe Desert Stars. Gombe ma maƙwabciya ce. Saboda haka duk abokan karawar Wikki a wannan gasa mutanen Azare sun san su, suna cin kasuwa da mutanensu, kuma su ne za su fara shan tsiya a tasha da kasuwa idan aka dawo hannu rabbana. Damuwarsu damuwar mai gida ce.

Lissafin wasanni uku

Mu fara da tsarin gasar, domin shi ne tushen fargabar. Ƙungiyoyin Arewa huɗu za su kara da juna sau ɗaya-ɗaya, wato kowace tana da wasa uku a cikin 'yan kwanaki. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. A doguwar kaka, ƙungiyar da ta yi mako biyu ba ta ga raga ba tana da sauran watanni ta gyara. A nan babu wannan sarari.

Ƙungiyar da ta tsare gidanta tsaf, ba a ci ta ko ɗaya ba, amma ita ma ba ta ci ba, za ta ƙare da maki uku, kuma makomarta tana hannun wasu. Wadda ta ci wasa ɗaya ta yi canjaras biyu tana da maki biyar, amma abu ne mai yiwuwa ƙungiyoyi uku su ƙare da maki biyar-biyar. Hatta maki shida bai zama tabbas ba, domin ƙungiyoyi uku na iya cin juna su taru su doke ta huɗu, kowace ta tashi da shida. A duk waɗannan yanayi, yawan ƙwallaye ne ke raba gardama. Maki bakwai ne kaɗai ke ba mutum damar barci da minshari, kuma ba a samun bakwai sai an ci wasa biyu.

Tarihi ya nuna wannan lissafi ba tatsuniya ba ce. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Najeriya da Bulgeriya da Ajantina sun ƙare rukuninsu da maki shida-shida. Ƙwallo ta biyu da Daniel Amokachi ya ci Girka ana daf da tashi ce ta ɗora Najeriya a saman rukunin. Ba don ita ba, da ta uku za ta zo. A wani rukunin na wannan gasa, Meziko da Ireland da Italiya da Norway duk sun tashi da maki huɗu-huɗu, kuma kowace abin da ta ci daidai yake da abin da aka ci ta. Norway ce ta fi kowa tsaron gida, sau ɗaya tak aka zura mata. Ita ce kuma aka kora, saboda ita ma ƙwallo ɗaya ta ci a wasa uku.

Babu gida a Asaba

Dalili na biyu shi ne wurin da za a yi wasan. Duk mai bin ƙwallon cikin gida a Najeriya ya san cewa cin wasa a waje abu ne mai wuya, kuma mafi yawan makin da ƙungiyoyi ke tarawa a gida suke samunsa. Dalilan suna da yawa: doguwar tafiya a mota, filin da baƙo bai saba da shi ba, ihun 'yan kallo, da kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi kan alƙalanci. Abin da wannan ke nufi shi ne ƙwallayen da ƙungiya ta ci a gaban magoya bayanta ba su isa ma'aunin ƙarfin 'yan gabanta ba.

A Asaba dukkan ƙungiyoyin Arewa huɗu baƙi ne. Babu gangar Bauchi, babu filin da aka haddace lungunansa. Ga damina ta kankama a Kudu, da ruwan sama da gumi irin wanda ɗan Arewa bai saba da shi ba. Ƙwallo a jiƙaƙƙen fili tana gudu ko ta maƙale ba tare da sanarwa ba, kuma dama ba ta zuwa da yawa. A irin wannan wasa ƙungiya kan samu dama biyu ko uku na haƙiƙa a cikin minti 90. Wanda ke da ɗan gaba mai natsuwa a gaban raga shi ke tafiya da maki.

Abin da tarihin Wikki ya koyar

Wikki ba baƙuwar ɗaukaka ba ce. A 1998 ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Plateau United ta Jos a bugun fenareti, domin wasan ƙarshen ya tashi babu ci. Wannan nasara abin alfahari ce har gobe. Sai dai darasinta bai dace da Asaba ba, domin a wasannin rukuni babu bugun fenareti da zai ceci wanda ya kasa ci. In an tashi babu ci, maki biyu sun tafi ke nan.

Darasin da ya fi kusa shi ne na 2016. A waccan kaka, a ƙarƙashin Koci Abdu Maikaba, Wikki ta ƙare ta uku a gasar Firimiya, bayan Rangers ta Inugu da Rivers United. Ɗan wasan gabanta Godwin Obaje ne ya fi kowa cin ƙwallo a ƙasar, da ƙwallaye 18. Ƙungiyar ta samu gurbin gasar cin kofin ƙalubale na Afirka. Amma kafin a shiga gasar, Obaje ya koma FC Ifeanyi Ubah, Maikaba kuma ya koma Akwa United, inda ya ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2017. A watan Fabrairun 2017 ƙungiyar sojojin Saliyo ta yi waje da Wikki tun a zagayen share fage, bayan Wikki ta ci ƙwallo ɗaya kacal a wasa biyu. Shekara shida bayan haka ta faɗo daga gasar Firimiya.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da Wikki ta fi tashe a wannan zamani shi ne lokacin da take da maciyin ƙwallo, kuma da ya tafi babu wanda aka raina a gida da zai gaje shi. A kakar 2024/2025 Maikaba ya dawo, kuma babu wanda ya fi shi sanin wannan labari. Da tsohuwar zuma ake magani, amma koci komai gwanintarsa a gefen fili yake tsayawa. Ba shi zai buga ƙwallon ba.

Abokiyar karawa Doma United ma tana ɗauke da nata darasin. A farkon kakar 2023/2024 ta yi suna da tsaron gida, har ta kasance cikin na gaba-gaba a teburin Firimiya, ana ta yabonta. Da kaka ta ƙare tana cikin huɗun da suka faɗo. Tsaro kan riƙe ƙungiya na wani lokaci, amma ranar da aka zura mata ɗaya, in ba ta da hanyar ramawa, sai ginin ya fara zubewa.

Hatta babbar tawagar ƙasa ba ta tsira daga wannan ciwo ba. A watan Maris na 2022, a wasan neman gurbin kofin duniya, Super Eagles ta tashi babu ci da Ghana a Kumasi, sannan 1 da 1 a Abuja, aka fitar da ita. Ƙwallo ɗayar da ta ci a minti 180 bugun fenareti ne, kuma ɗan baya ne, William Troost-Ekong, ya buga shi. A wasannin neman gurbin 2026 kuwa, wasa huɗu na farko da aka yi babu Victor Osimhen sun ƙare da canjaras uku da rashin nasara ɗaya. Sai da ya dawo a watan Maris na 2025 ya ci Ruwanda biyu a Kigali aka ga nasarar farko. Idan ƙasa mai 'yan wasa a manyan ƙungiyoyin Turai za ta shiga wannan hali saboda dogaro da mutum ɗaya, ƙungiyar rukuni na biyu ba ta da hujjar yin sakaci.

Masu cewa tsaro ne ke cin gasa

Akwai masu ra'ayin cewa a gajeriyar gasa irin wannan, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a ci ka. Sukan kawo misalin Girka, wadda ta ɗauki kofin nahiyar Turai a 2004 da nasarar ɗaya da nema sau uku a jere. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce Wikki ta buɗe bayanta ta ruga gaba ba. Ƙungiyar da aka zura wa biyu a minti ashirin na farko ta riga ta shiga uku.

Amma a duba misalin da kyau. Girka ba ta tashi babu ci a waɗancan wasanni ba. A kowanne ta nemo ƙwallo ɗaya, kuma a wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe daga bugun kusurwa ta samo ta, abin da ke nuna an yi atisaye a kai har ya zauna. Wato tsaron ya yi amfani ne saboda akwai tabbatacciyar hanyar cin ƙwallo a gefensa. Wanda ya ɗauki rabin darasin ya bar rabi zai dawo daga Asaba da raga mai tsabta da kuma wata shekara a rukuni na biyu.

Abin da za a iya yi kafin busa usur

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda zai ƙera ɗan gaba a cikin mako guda. Duk da haka akwai abubuwan da ke hannun masu horarwa da shugabannin ƙungiya a kwanakin da suka rage.

Na farko, a ba bugun kusurwa da bugun tazara lokaci na musamman a atisaye. A filin da ruwa ya jiƙa, tsakanin ƙungiyoyin da ke tsoron juna, ƙwallon da aka ajiye aka buga ita ce hanya mafi kusa zuwa raga. A san mai bugawa, a san mai tsayawa a kowace sanda, a san mai jiran wadda ta dawo. Haka nan a tsayar da mai bugun fenareti da mataimakinsa tun daga masauki, kada a ga 'yan wasa suna jayayya a kan ƙwallo a gaban jama'a.

Na biyu, a raba nauyin cin ƙwallo. Abokan karawa sun san ɗan gaban da za su tsare, kuma za su sa masa mutum biyu. 'Yan tsakiya da 'yan gefe su shiga da'irar gola, su gwada bugu daga nesa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a ɗauki wasan farko a matsayin wasan ƙarshe. Wanda ya ci wasan farko yana shiga na biyu da natsuwa. Wanda ya rasa shi yana shiga da gaggawa, kuma gaggawa ce ke sa ɗan gaba ya ɗaga ƙwallo sama da raga. Idan kuma aka samu ƙungiya ta yi rauni, kada a tsaya a ɗaya da nema a fara ɓata lokaci. Ƙwallo ta biyu da ta uku na iya zama tikitin Firimiya, kamar yadda ta Amokachi ta nuna.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan gwamnati. A biya duk wani albashi da alawus kafin a tashi, a kuma bayyana ladan nasara a fili tun yanzu. Ɗan wasan da hankalinsa ke kan kuɗin haya ba zai natsu a gaban gola ba. A kai tawagar Asaba da wuri ta huta ta saba da yanayi. Tafiya daga Bauchi zuwa gaɓar Kogin Neja a mota tana cinye ƙafafu, tana kuma da haɗari. Ba a manta da yadda motar Wikki ta kama da wuta a Hawan Kibo a 2021 tana kan hanyar zuwa wasa ba, kuma har yanzu ana cikin jimamin 'yan tawagar wasanni ta Jihar Kano fiye da 20 da suka rasu a hatsarin mota a ƙarshen watan Mayun 2025 suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun. Allah ya jiƙansu. Bai kamata a yi tsimi a kan lafiyar tafiya ba.

Na biyar, 'yan siyasa da masu faɗa a ji su janye hannu daga jerin 'yan wasa. Koci ne zai amsa tambaya in an faɗi, don haka shi ya kamata ya zaɓi wanda zai buga.

Ga hukumar NNL kuma, kiranmu shi ne ta kawo alƙalan da ba a shakkar su, ta kuma tabbatar an nuna wasannin kai tsaye yadda mai waya a Azare ko Dambatta zai gani da idonsa. A buga wasannin ƙarshe na rukuni ta yadda babu ƙungiyar da za ta samu damar shirya sakamako. Ɗan gaba ba ya iya aikinsa inda ake ɗaga tutar satar gida bisa son rai.

Abin da Asaba ba za ta warware ba

Ko Wikki ta haye ko ba ta haye ba, tambayar mutanen Azare za ta dawo. In ta haye, za ta tarar da gasar ƙungiyoyi 20 da wasa 38, inda huɗu ke faɗuwa kowace kaka. Heartland da Sporting Lagos sun haye daga wannan fili na Asaba a 2023, suka ƙare kakar da ta biyo baya a cikin huɗun ƙasa. Al'adar da aka saba ita ce a ruga kasuwa a kwaso 'yan wasa na kaka ɗaya, wanda ya yi fice ya tafi inda aka fi biya, a sake komawa kasuwa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Arewa ba ta rasa tarihin maciya ƙwallo ba. Marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, a Kaduna aka haife shi, a can kuma ya fara. Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya fito. Ahmed Musa ya taso a Jos, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana matashi. A kakar 2024/2025 ma, Anas Yusuf na Nasarawa United ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Firimiya. Abin da ya haɗa Kaduna da Jos da Kano shi ne gasannin unguwanni da na makarantu, da ƙananan ƙungiyoyi, da masu horarwa da ke bin yaro tun yana ƙarami.

A Kudu, Remo Stars ta Ikenne, wadda ta ɗauki kofin Firimiya na kakar 2024/2025, tana da makarantar renon 'yan wasa mai suna Beyond Limits, wadda ta je Italiya a 2024 ta ɗauko kofin matasa na Viareggio. Ikenne ƙaramin gari ne, bai kai Azare girma ba. Bambancin shi ne wani ya zauna ya tsara, ya kuma yi haƙuri.

Ƙasar Katagum ta san ma'anar irin wannan haƙuri a wani fagen. Yankin da ya fitar da marigayi Aminu Saleh da Yayale Ahmed, waɗanda dukkansu suka riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Adamu Adamu, wanda ya yi ministan ilimi daga 2015 zuwa 2023, bai samu haka da rana tsaka ba. Makarantu ne suka ɗauki yara suka raine su shekara da shekaru. Ƙwallo ma haka take. Yaran suna nan, kowa na ganinsu da yamma a filayen makarantun firamare daga Azare zuwa Chinade, daga Yana zuwa Giyade, daga Gamawa zuwa Itas da Jama'are, suna wasa da riguna masu sunayen taurarin Ingila da Sifaniya. Abin da ake buƙata shi ne tsanin da zai kai su daga wannan fili zuwa rigar Wikki.

Don haka muna kira da a yi abubuwa kamar haka. Hukumar Wikki ta fito da jerin 'yan wasanta na manya da na matasa, ta nuna wa jama'a nawa ne 'yan jihar, kuma daga waɗanne ƙananan hukumomi suka fito. Ta buɗe cibiyar renon matasa ta dindindin a Azare domin shiyyar Bauchi ta Arewa, mai ajin 'yan ƙasa da shekara 13 da 15 da 17, da koci na musamman mai koyar da aikin gaban raga: tsayuwa, karɓar ƙwallo, bugu da ƙafa biyu, da sa kai. Ta riƙa kawo wasannin share fagen kaka da na sada zumunta Azare, domin yaro ya ga 'yan wasan jiharsa ido da ido.

Ƙananan hukumomi bakwai na shiyyar, waɗanda hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, su ɗauki nauyin gasa mai jadawali da ake yi kowace shekara, maimakon kofunan da ke bayyana gab da zaɓe su ɓace bayansa. Gyaran fili guda, da sanduna da raga da ƙwallaye, bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau suna iya taimakawa wajen horar da malaman wasanni, Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare kuma wajen duba lafiyar yara da tantance shekaru. Fadar Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruq na Biyu, tana da martabar da za ta tara attajiran yankin a kan wannan aiki, ta kuma kwantar da hankalin iyaye cewa ƙwallo ba za ta raba yaro da boko ko allo ba.

Abu na ƙarshe shi ne rajista. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar unguwa da ba ta yi wa yaranta rajista da hukumar ƙwallo ba, ba ta da hujjar neman ko sisi, ko da yaron ya kai Turai. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta sauƙaƙa wannan rajista, ta kai ta har Azare.

Wani zai ce, a yankin da ke fama da tsadar abinci, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da ambaliyar da ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2024, ina ruwan talaka da ɗan gaban Wikki? Amsarmu ita ce, kuɗin dai ana kashe shi a kan ƙungiyar kowace shekara, ko an yi magana ko ba a yi ba. Abin tambaya shi ne ko zai ci gaba da tafiya wajen hayar 'yan wasa na kaka guda, ko wani kaso zai koma ga yaran jihar. Matashin da ke da atisaye ƙarfe huɗu na yamma, da koci mai tambayar sakamakon jarrabawarsa, ya yi nisa da masu sayar da ƙwaya da masu neman 'yan bangar siyasa. Ranar wasa kuma mai shayi da mai acaba da mai sayar da ruwa duk suna samu.

Muna yi wa Wikki Tourists fatan nasara a Asaba, muna kuma fatan a yi wasa lafiya a tashi lafiya. Nauyin kwanakin nan yana kan Koci Maikaba da 'yan wasansa: su tsare gida, su kuma tuna cewa ƙwallon da ta shiga raga ce ake ƙirgawa. Nauyin shekaru masu zuwa kuwa yana kan Gwamna Bala Mohammed da hukumar ƙungiyar da shugabannin ƙasar Katagum. Idan suka fara aikin bana, nan da 'yan shekaru, ranar da aka sake tambaya a majalisun Azare wa zai ci wa Wikki ƙwallo, za a samu mai amsawa da sunan yaron unguwarsu.